Fankar da Ta Yi Shiru a Ojota

Ƙarfe biyu da rabi, rana na dukan kwalta,
gosulo ya ɗaure Ojota tun daga kan gada har tasha.
Sai ga Tanimu mai albasa ya turo motarsa da kafaɗa,
bonet na huci kamar tukunyar da aka manta a murhu.

"Sallau, allura ta hau ja!
Fanka ta mutu, aiki yaro Ladifo ya sayo sabuwa.
Maiɗakina na asibitin Gbagada da jaririn kwana uku,
tun hantsi aka sallame su."

Na ce janye hannunka daga murfin lagireto
kafin ya saɓule maka fuska.
Zauna kan tayar can.
Ba a yanka wa mai suma likkafani.

Baba Mukaila, da ya koya mini aiki a Mushin,
rabi da gurguwar Hausa, rabi da ranƙwashi,
cewa yake: fara da abin naira ɗari,
na dubu talatin ba gudu zai yi ba.

Na buɗe akwatin fis, na zaro koren nan na talatin,
na ɗaga shi saitin rana.
Zaren cikinsa garau, bai tsinke ba.
Na mayar da shi ɗakinsa.

Saura rile. Shi da na hon tagwaye ne,
sai na musanya musu mazauni.
Hon ya kurma ihu,
har mai gasa masara ta zage ni da Yarabanci.
Fanka ko gezau.

Wayar Tanimu na ta ruri a aljihu.
Nawa wayoyin biyu ne, ja da baƙa,
ba sa kiran kowa sai batir.
Na jona su kai tsaye a bakin fanka.
Fuuu!
Ta watso mini ƙura da ɓawon albasa.
Na ce ga mamaciyarka nan tana tiƙar rawa.

Ashe lafiyarta lau, saƙo ne ba ya isa.
Wa ya tare ɗan aike a hanya?

Na cire soket na sansa,
mai raɗa mata cewa ruwa ya tafasa,
na haɗa bakinsa biyu da guntun waya.
Shiru.
Na kawo fitilar gwaji: wuta na zuwa,
tana isowa har ƙofa,
hanyar komawa ce ta ɓace mata.

Na bi baƙar waya da ɗan yatsa,
ta bayan fitila, ta ƙarƙashin tiyo,
ƙarfe mai zafi na sa mini hannu a gwiwar hannu,
har inda aka ɗaure ta da jikin mota.
Can na tarar da ɓarawon:
tsatsa kore shar, ta yi gari,
ajiyar ruwan damina da motar ta sha iyo a ciki,
da gishirin da iskar teku ke lasa wa kowane ƙarfe a Ikko.

Sanfefa, ɗigon fetur,
sifana mai lamba goma, lakucen giris.
Shi ke nan.

Da inji ya huce muka ƙara ruwa, ya tayar.
Muka tsaya, ni da shi da mai masara,
muna kallon allura tana hawa a hankali.
Kwata.
Rabi.
Tanimu ya fara salati ƙasa-ƙasa.
Sai ƙas! Rile ya amsa,
fanka ta ɗauka da kanta, ba wanda ya roƙe ta.

Dubu ɗaya da ɗari biyar na ce.
Ya ƙara mini da albasa shida manya,
ya leƙo ta taga yana kutsa hanci cikin danfo:
"Suna ranar Asabar, Agege, bayan masallaci!"

Ina cuɗa hannu da omo da yashi
wata ta faka, tana huci.
Mai ita bai ko rufe ƙofa ba ya ce,
"Fanka ta mutu."